Ba Ta Aiki

A teburin yankar kati na Komfo Anokye
ma'aikaciya ta ɗaga biro, ba ta ɗaga kai ba.
"Suna?" Barikisu Sumaila.
"Shekaru?" Muka dubi juna, muka ce hamsin da wani abu.
"Sana'a?"
Baba ya gyara zaman hula, ya ce, "Ba ta aiki. Tana gida."
Ni na fassara mata. Da bakina.
Biro ya ja gajeren layi, aka wuce.

Daren farko ruwa ya sauka a Aboabo.
Ashe rufinmu yana yoyo wuri uku,
ashe shekara da shekaru akwai mai tashi cikin duhu
ta tara roba nan, bokiti can,
tukunya a kan akwatin Baba,
ta kwashe su kafin kiran assalatu.
Mu dai mun san busasshiyar tabarma muke farkawa a kai.

Washegari famfo ya ɗauke.
Na bi layi da galan biyu masu ruwan ɗorawa,
mata suna matsa mini wuri: "Nan Mma Bariki ke tsayawa."
Kafin in kai gida wuyana ya ba ni labarin
da ita ba ta taɓa ba ni ba.

Sharifa ta tafi makaranta da rabin kitso.
Kaka ta ture magani, wai ba haka ake ba ta ba,
sai an murƙushe ƙwayar cikin koko,
an ja ta da hirar Salaga har kofi ya ƙare.

Baba ya ajiye kuɗin cefane kamar kullum.
Na kai su kasuwar Asawase,
na dawo da tumatir biyar, albasa, kan kifi,
leda tana kaɗawa kamar tana mini dariya.
Da wane lissafi ake ciyar da baki takwas da wannan?
Amsar tana bayan buhun gawayi,
cikin gwangwanin madara mai tsatsa:
kuɗin ƙanƙarar zoɓon da take ƙullawa muna barci,
kuɗin kitson 'ya'yan maƙwabta,
da katin adashi da ya yi laushi don ninki.

Kwana na biyar muka kira mai wanki, ta ƙirga kaya, ta faɗi kuɗinta.
Mai shinkafa da wake ta faɗi nata.
Yarinyar da ta yini da Kaka ta faɗi nata.
Baba ya dawo daga gareji a Suame, hannu duk baƙin mai,
ya zauna kan benci yana lissafi da yatsu.
Yatsu suka ƙare.
An ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare;
mu mai tuƙa tuwon ce ba mu sani ba.

Na je dubiya da sassafe, nas ta tare ni a ƙofa:
"Uwarka ba ta jin magana.
Ƙarfe huɗu ta tashi, da allurar ƙarin ruwa a hannu,
tana ninke zanen mai gado na shida."
Da ta gan ni ba ta bari na gaishe ta ba.
"An jiƙa wake? Kun kwashe shanya?
Gobe Laraba, Mubarik zai kai kuɗin jarrabawa,
suna cikin safar da ke ƙarƙashin katifa."
Na riƙe hannunta. Kaushi, tabon wuƙa, ƙunar murhu,
farce guda da bai sake fitowa daidai ba.

Ranar sallama na koma teburin nan.
Na ce akwai kuskure a katin, a gyara.
Ma'aikaciya ta ɗaga biro, wannan karon har da kai:
"To, me zan rubuta?"
Na buɗe baki.
Layi ya yi tsawo a bayana, wani ya yi tsaki.
Da na waiga, Mma ta riga ta kai bakin ƙofa,
ta karɓe jaka daga hannun Baba,
wai bai iya riƙo ba, zai zubar da filas.